Yoyon da ke Jikin Bargo

Shekara talatin da takwas wani mai gyaran famfo ya yi yana zaune da mace mai saƙa, amma bai san tsinken saƙa ba sai ta wajen zama a kansa. Wannan kuwa ya faru ya fi a ƙirga, don matarsa ba ta da ma'ajiyar da ta wuce kujerarsa. Zai dawo daga aiki a gajiye ya zube, sai a ga ya zabura yana sosa wuri, ita kuma daga kicin ta ɗaga murya: "Injiniya, in ka lanƙwasa mini shi, kai za ka miƙar."

Tun yana saurayi mai bin maigidansa da jakar sifana ta laƙaba masa Injiniya don tsokana, sunan ya bi shi har unguwa ta ɗauka. Shi kuma Malama yake ce mata, domin koyarwa ta yi a firamare har ta yi ritaya. Saƙa da ɗinkin hannu ba sana'arta ba ce, ko safa ɗaya ba ta taɓa sayarwa ba. Abin so ne kawai, kamar yadda wani ke kiwon tantabara. Butar shayinsu tana da riga. Rediyo yana da mayafi. Hatta jakar kayan aikinsa ta ɗinka mata aljihu bakwai da hannu, kowanne da abin da ake sawa a ciki. Injiniya yakan ce wa baƙi su yi maza su zauna, don duk abin da ya daɗe a tsaye a falon nan sai an saƙa masa murfi.

'Ya'yansu uku, duk sun yi nisa. Ta ƙarshen, wadda har yanzu suke kira Auta, shekararta goma sha ɗaya da aure ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Malama ta saƙa wa jariran maƙwabta, da na dangi, da na tsofaffin ɗalibanta, ta kuma daina tambayar Auta komai. Ranar da Auta ta bugo waya ta ce wata biyar ke nan, ta ɓoye ne sai ta tabbata, Malama ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai isarta, sannan ta share fuska ta ɗauki jaka ta nufi shagon zare. Ta dawo da dunƙule takwas na ulu mai laushi, ruwan ƙwai mai haske, wai launin da zai karɓi mace ya karɓi namiji. Da bargo za ta fara.

Bayan mako uku, wata rana da yamma, ta ɗaga abin da ta saƙa ta baje shi tsakaninta da taga.

"To, Injiniya, faɗi tsakaninka da Allah."

Ya ɗago daga kan famfon da yake kwancewa a kan tsohuwar jarida. Hasken taga ya ratso bargon a wuri uku, kowane rami ɗan yatsa zai shiga. A ƙarƙashin ɗaya zaren ya zame ya bar 'yar hanya kamar tsani. Ban da haka, kamar tafin hannu biyu daga ƙasa, launin ya sauya daga ruwan ƙwai ya koma fari fat.

Bai san saƙa ba, amma ya san ta matarsa. Mace ce da za ta warware aikin mako guda saboda kuskuren da ita kaɗai ke gani. Nan take abubuwa suka riƙa dawo masa: gishirin da ta zuba masa a shayi ta ce suɓutar hannu ce, yadda ta ja kujerarta har gindin taga, allurar ɗinkin da ta ajiye tun bara wai ta gundure ta, da ranar da ta wuce ƙanwarta a bakin titi ba ta kula ta ba har aka yi kwana biyu ana fushi.

"Ka yi shiru," in ji ta.

"Kyan ne ya ɗaure mini baki. Wannan jika ya more."

Ta yi murmushi ta ci gaba da aikinta. Shi kuwa sau biyu yana sa robar famfon a juye.

Ba tsoron faɗa ne ya rufe masa baki ba. Mahaifiyar Malama an taɓa yi mata aikin ido shekaru masu yawa da suka wuce, ta shiga tana gani dishi-dishi, ta fito ba ta gani sam. Shekara tara Malama tana jan ta da hannu zuwa banɗaki, tana gaya mata abin da ke cikin kwano. A gabansa ta rantse, ranar da tsohuwar ta rasu, cewa ba mai kusantar idonta da wuƙa. Kuma ya san halin kayarsa: in aka ce mata gabas, yamma take nufa.

Ranar Laraba Malama takan je taron tsofaffin malamai. Tana fita ya wanke hannu da sabulu sau uku, ya naɗe bargon a tawul mai tsabta, ya cusa a jakar aiki, sai shagon zare. Bai taɓa shiga ba, iyakarsa bakin ƙofa in ya rako ta. Mai zaren mace ce mai jiki da fara'a, tabarau a saman goshi, bakinta ba ya hutawa.

"A'a, Baba, yau kai ne da kanka? Famfonmu dai lafiyarsa lau."

Ya waiga ya tabbata ba kowa, sannan ya buɗe tawul a kan tebur. Ta sauko da tabarau ta duba, fara'arta ta ragu.

"Wannan hannun Malama ne. Ido ne ya suɓuce mata."

"Ido?" in ji shi.

"Idon saƙa, Baba. Ka ga 'yan madaukan nan da ke jere a kan tsinke? Su ne. In ɗaya ya zame ba a lura ba, sai ya yi ta gangarawa ƙasa yana barin rami." Ta shafa farin wurin. "Ranar da ta zo ma na ce mata biyu daga cikin dunƙulen nan farare ne, ta ce in ƙyale ta, ta san abin da take yi. Na ɗauka ado ne."

"A taimaka a gyara mini."

"Na gyara yau, gobe fa? Kullum za ka riƙa sato bargo kana kawowa? Matso ka gani."

Ta ɗauko kwarashi, ɗan siririn ƙarfe mai ƙugiya a baki, ta lalubo madaukin da ya faɗi can ƙasa, ta riƙa jawo shi sama mataki-mataki har ta mayar da shi kan tsinke. Rami ya ɓace kamar ba a yi ba.

Injiniya ya ɗago yana kaɗa kai. "Af! Ashe yoyo ne. Inda ka ga bango ya jiƙe ba nan ɓarakar take ba, sai ka bi sawu ka samo tushenta."

"To ka ga ka ma riga ka iya."

Bai iya ba. Yatsunsa kauri gare su, ga kaushi, ulun sai maƙalewa yake. Sau shida yana kama madaukin yana kuɓuce masa, har gumi ya keto masa a cikin shago mai fanka. A na bakwai ya kama. Mai zare ta tafa masa, ta ba shi kwarashin da wani ƙyallen saƙa da ta huda da gangan don ya riƙa gwaji. Ya kai bakin ƙofa ta kira shi.

"Baba, ni gyaran bargo kaɗai na iya. Amma ba bargon ne ke neman gyara ba."

"Na sani, 'yata," ya ce. "A bi dai a sannu."

Kwana huɗu yana gwaji a shagonsa, a bayan tarin bututu, ya juya wa titi baya. A rana ta biyar maƙwabcinsa mai walda, abokinsa na shekara da shekaru, ya leƙo aron guduma ya rutsa shi. Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube shi sama da ƙasa.

"Injiniya, wata nawa ne? Ba ka gaya mana mun fara tanadi ba."

"Ɗauki gudumarka ka ba ni wuri."

Amma da mai walda ya ƙi tafiya, sai ya gaya masa komai. Mai walda ya daina dariya, ya daɗe yana juya guduma a hannu. Daga ranar, in ya ga mai neman gyara ya nufo shagon, sai ya buga ƙarfe sau biyu, Injiniya ya yi wuf ya tura ƙyallen a aljihu.

Malama takan ɗan kwanta bayan cin abincin rana. Injiniya, wanda da can ba ya dawowa sai yamma, ya tsiri zuwa gida da rana wai zafi ya fara yi masa yawa. Da ya ji numfashinta ya daidaita, sai ya wanke hannu, ya zauna a kujerarta ta gindin taga, ya ɗaga bargon ga haske yana neman yoyo. Wata rana ɗaya, wata rana uku, wata rana babu. Ya gyara, ya mayar da shi daidai yadda ta ajiye, har da karkatar tsinken. Farin layin ne ba shi da dabararsa, ya bar shi.

Haka aka yi kusan mako uku. Ran nan da safe suna shan shayi, bargon na kan cinyarta tana shafa shi kamar mage, sai ta ce, ba tare da ta dube shi ba:

"Injiniya, wa ke taɓa mini saƙa?"

Shayi ya sarƙe shi. "Saƙa? Wa zai taɓa miki? Mu biyu ne a gidan nan."

"Shi ya sa na tambaye ka." Ta kamo wani wuri tsakanin yatsu biyu. "Nan an ɗaure zaren tamau kamar ana tsoron ruwa zai fita. Nan ma. Nan ma. Ni ba haka hannuna yake ba. Kuma tun yaushe ulu yake ƙamshin sabulun wanke baƙin mai?"

Ya ajiye kofi. Ƙarya ta ƙare.

"Ramuka ne, Malama. 'Yan ƙanana."

"Nawa?"

"Ba su da yawa."

"Na ce nawa?"

"Goma sha bakwai."

Ta ɗauke hannunta daga kan bargon.

"Goma sha bakwai. Ina ɗaga maka kana cewa ya yi kyau. Ka mayar da ni yarinyar aji ɗaya, ana gyara mata rubutu a ɓoye ana ba ta maki. Wa kuma ya sani?"

"Mai zare." Ya sunkuyar da kai. "Da mai walda."

"Har da mai walda!"

Ta tashi, ta tattara bargon da zaren da tsinkayen ta cusa a jaka, ta taka kujera ta jefa saman kwaba, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Kwana uku ba a yi saƙa a gidan ba. Tana dafa abinci, tana amsa gaisuwa, amma da yamma sai ta zauna a gindin taga hannuwanta zube a cinya kamar na aro. Sai a lokacin Injiniya ya gane cewa ƙas-ƙas ɗin tsinkayen nan da ya shekara talatin da takwas yana ƙorafi a kai, shi ne sautin gidansa. Da ya ɗauke, har rediyo bai yi masa daɗi ba.

A yamma ta huɗu ya taka kujera ya sauko da jakar, ya ajiye a gabanta, ya jawo ɗan benci ya zauna kusa da ƙafafunta.

"Na yi laifi. Da na gaya miki tun ranar farko. Tsoro na ji."

Ta ɗora hannu a kan jakar. Can ta ce, "Ka san gilashin banɗaki in an yi wanka da ruwan zafi? Haka nake ganin duniya. Wata bakwai ke nan rabon da in ga fuskarka sosai. Da murya nake gane ka, da tafiyar nan taka ta agwagwa."

"Ba ki yi asarar komai ba, fuskar tana nan yadda kika san ta."

Ta yi 'yar dariya, hawaye na zuba. "Ina tsoro, Injiniya. Kullum na rufe ido sai in ga Inna tana laluben bango."

"Ni ma ina tsoro." Ya kama hannunta. "Amma bari in ƙara tona wa kaina asiri. Kin san asibitin idon nan da nake yi musu gyara? Shekaranjiya ina kwance a ƙarƙashin wurin wanke hannu, likitar ta shigo, na tambaye ta daga nan inda nake. Ta ce ga dukkan alamu yanar ido ce, amma sai ta duba. Ta ce aikin yanzu ba irin na zamanin su Inna ba ne, ko rabin awa ba ya kaiwa, kuma a ranar ake komawa gida."

"Wato har likita ta sani. Kai dai bakinka famfo ne da robarsa ta mutu."

Amma ta je. Likitar, wata 'yar siririya mai magana a hankali, ta haska idanun ta ce lallai yanar ce, a duka biyun, ta dama ta fi nuna, da ita za a fara. Malama ta yi mata tambayoyi irin na mai duba jarrabawa, ta amsa duka ba ta ƙosa ba. Aka sa rana, mako uku masu zuwa. A hanyar gida Malama ta kafa sharaɗi: sai ta gama bargon kafin ranar.

"In abin ya zo da akasi, a ce dai na gama wa jikana abu ɗaya da hannuna."

"Ba zai zo da akasi ba. Amma na yarda, in kin yarda da nawa. Ke ki saƙa, ni in duba kowane layi, a gabanki."

Haka suka koma yi. Ta saƙa layi, ta miƙa masa, ya ɗaga ga haske ya ƙirga idanu ɗari da ashirin da ɗan yatsa. In ya ce "Yoyo," sai ta ja tsaki ta ce, "To gyara, amma sassauta hannu, ba bututu ba ne." Da ta ga yana zaune yana jiran layi ba aikin fari ba na baƙi, sai ta ba shi wasu tsofaffin tsinkaye, ta ɗora hannuwanta a kan nasa ta koya masa saƙar kanta: shiga, zagaya, jawo, sauke. Abin da ya fara fitarwa ya yi kama da tsumman goge tukunya. Ta shafa ta ce a shekarunta na koyarwa ta ga daƙiƙai, amma ba ta taɓa fid da rai da ko ɗaya ba.

Saura kwana biyu a yi aikin, saura kuma kamar tafin hannu a gama bargon, mijin Auta ya bugo waya da hantsi. Naƙuda ta zo ba shiri, wata takwas bai cika ba. An samu mace. Uwar tana lafiya, jaririyar kuma an sa ta a kwalbar ɗumama jarirai, ƙarama ce ƙwarai, amma tana numfashi da kanta.

Malama ta miƙe tana laluben akwati. "Yau za mu tafi. A ɗaga aikin."

Sai ga muryar Auta a wayar, a gajiye. "Mama, ki saurare ni. Ko kin zo yau ba za a ba ki ita ba, sai ta gilashi za ki leƙa, an ce sai nan da mako biyu. Baba ya gaya mini komai. Ki tsaya a yi miki. Ina so ki gan ta, Mama. Shekara goma sha ɗaya muna jira, ba na so ki zo kina tambayata kamanninta."

Malama ta zauna a kan akwatin. Ta juya wajen da mijinta yake tsaye yana sosa ƙeya, ta buɗe baki za ta yi masa faɗa, sai ta fasa.

"To, Auta. Na ji."

Ranar aikin, da ma'aikaciyar jinya ta zo tafiya da ita, Malama ta damƙe hannunsa har sai da ya ji zafi, sannan ta tura masa jakar saƙar. "Layi goma sha biyu ya rage. Kar ka zauna kana zare ido, yi wani abu."

Ɗakin jiran cike yake da mutane. Injiniya ya dubi jakar, ya dubi jama'a, ya ga zaman jira haka kawai ba zai kai shi ba. Ya fito da bargon ya kama. Wani mai gemu a gefensa ya matsa kaɗan. Wasu 'yan mata biyu suka riƙa taɓa juna. Wata tsohuwa mai bandeji a ido ɗaya ta leƙo da ɗayan ta ce, "Bawan Allah, kana matse zaren da yawa."

"Haka ake ta gaya mini, Iya."

Layi biyu da rabi ya yi aka turo ta a keke, ido a rufe da farin bandeji, tana faɗa wa mai turo ta cewa ita fa tana iya tafiya da ƙafarta.

Washegari suka koma aka cire bandejin. Likita ta goge mata idon ta ce ta buɗe a hankali. Malama ta ƙifta, ta ƙifta, ta dubi bango, ta dubi hannunta, sannan ta juyo gare shi. Ta daɗe tana kallonsa, shi kuwa ya ƙi ko numfashi.

"Injiniya," ta ce, "yaushe ka tsufa haka?"

Likita ta kau da kai tana dariya. Shi kuma ya ciro hankici ya shiga fyace hanci da ƙarfi.

A gida ta tsaya a tsakiyar falo tana kallon kayanta ɗaya-ɗaya kamar baƙuwa. Ta ga ƙurar da ke saman rediyo ta yi salati. Sannan ta ce a miƙo mata bargon. Ta baje shi, ta yi turus.

"Wannan farin fa? Wane mara ido ne ya sayo wannan zaren?"

"Wata malama ce. An ce mata fari ne, ta ce ta san abin da take yi."

Ta rufe baki da hannu. Can ta ce sai an warware, ba za a kai wa jikarta abu mai tabo ba. A nan ne Injiniya ya taka burki, abin da bai saba ba. Ya ce bargon nan da guminsa a ciki, ba mai warware ko layi ɗaya, kuma likita ta ce a huta da aikin ƙura ido na 'yan kwanaki. Ta dube shi da sabon idonta ta ga da gaske yake, ta sakar masa.

Shi ya ƙarasa layukan da suka rage, tana zaune tana ba da umarni. Sai kuma wata matsala ta taso: mijin Auta ya ce duk hulunan da suka saya sun yi wa jaririyar yawa, har hanci suke rufe mata, ga shi ana so kanta ya riƙa ɗumi.

"Kamar yaya girman kan?" in ji Malama.

"Wallahi, Mama, kamar lemo. Matsakaici."

Injiniya ya fita ya dawo da lemo uku, aka zaɓi na tsakiya aka ɗora a kan kofi. Kwana biyar yana fama. Ya saƙa, a gwada wa lemo, Malama ta ce bai yi ba, ya warware. Ta uku ce ta zauna, ko da yake ta ɗan karkace gefe guda, kuma tsinin samanta ya fi kama da murfin buta. Malama ta juya ta a hannu ta ce, "Ba laifi." A bakinta wannan babban yabo ne.

Da likita ta ba su izinin tafiya, suka hau mota, tafiyar yini guda. Sun tarar an fito da jaririyar daga kwalba kwana ɗaya kafin zuwansu. Auta tana zaune a gadon asibiti ta rungume ta a ƙirji, ta rame amma fuskarta kamar an kunna fitila. Ta miƙa wa uwarta. Malama ta karɓa, ta matsa gindin taga, ta rufe idon hagu da ba a yi wa aiki ba tukuna don kada ya dame ta, ta tsura wa 'yar fuskar na dama. Ta ƙirga yatsu. Ta duba kunne.

"Goshin ubanta ne," ta ce a hankali. "Amma wannan haɓar tawa ce. Auta, kin ga gashin girarta? Kamar an zana da fensir."

Aka naɗe ta a bargon, aka sa mata hular. Ta zauna daram, da karkatarta da komai. Ma'aikaciyar jinyar ɗakin ta zo wucewa ta tsaya.

"Kai, wannan hula ta yi daidai! Irin wannan ƙanƙanar ba a samunta a kasuwa. Wa ya saƙa?"

"Kakanta," in ji Malama.

"Kakarta dai. Sannu da ƙoƙari, Mama."

"Kakanta na ce, 'yata. Ga shi can yana ɓuya a bayan ƙofa."

Ma'aikaciyar ta dubi Injiniya, ta dubi hannuwansa, ta sake duban hular. Sannan ta ce, in ba zai zama takura ba, akwai wasu jarirai shida a ɗakin kwalba, duk da safar manya ake rufe musu kai. Ta kai shi ya leƙa ta gilashi. Ya daɗe a tsaye a wurin, hannuwansa a baya.

Malama ta so ta zauna wata guda, amma akwai ganin likita da sa ranar ido na biyu, don haka bayan mako ɗaya suka kamo hanya, da alkawarin za ta dawo ta daɗe. A mota ita ta zauna gefen taga. Tun da suka bar tasha take karanta duk allon da suka wuce da ƙarfi, na shagon taya, na makaranta, na mai sayar da katifa, tana gyara wa masu rubutun kuskurensu. Injiniya na gefenta, tabarau a karan hanci, ragowar ulu a cinya, ya kafa hula ta biyu, leɓunansa na motsi.

"Dubi wancan, Injiniya, wai 'a na gyaran waya', sun raba kalmar gida biyu. Wa ya koyar da waɗannan?"

"Malama, don girman Allah ki yi shiru. Talatin da huɗu nake ko da biyar?"

Ta leƙo, ta bi tsinken da ido ba tare da ta taɓa ba.

"Talatin da uku. Ka yar da ɗaya tun wajen gidan mai."